Ƙoƙon Da Ba A Mayarwa

A duk ƙauyenmu da ke bayan garin Punata, babu mai cikin da aka taɓa tattalinta kamar Nemesia, matar Rosendo ɗan Doña Leandra. Wannan kowa ya shaida. Tun ranar da aka gane tana da juna biyu uwar mijinta ta ƙwace mata saƙa, wai kada cibiya ta naɗe wuyan yaro. Aka hana ta tsallake igiya, aka hana ta zuwa gidan makoki don kada warin mamaci ya kama ɗan. Ko kare ne ya yi haushi kusa da ita, sai ka ga Doña Leandra ta fito da muciya a hannu tana cewa kada a firgita mata jika.

Abu ɗaya ne ba a ɗauke mata ba, shi ne kai wa baƙi cica.

Gidan Doña Leandra gidan cica ne, giyar masarar nan tamu, kuma tata ta yi suna. Ranar Lahadi da safe ake kafa gora mai farin ƙyalle a ƙofar gida, kafin a gama fitowa daga coci tsakar gida ta cika. Kowane teburi bokiti ɗaya, ƙoƙo ɗaya. Ka ɗebo, ka ɗiga wa Pachamama, Uwar Ƙasa, nata rabon, ka ce wa wani "na gayyace ka", ka shanye, ka sake cikawa ka miƙa masa. Wanda aka gayyata ba ya cewa a'a. In ka mayar wa mutum ƙoƙo, ka ce masa shi ba kowa ba ne ke nan. Akwai 'yan uwa ciki ɗaya a garin nan da ba sa ga maciji a kan haka.

To, Nemesia ce mai kai bokiti teburi-teburi. Wa kuma zai ga mace da ciki tana ta hidima ya ƙi girmama ta?

"Nemesita! Uwar gwamna! Zo nan, na gayyace ki."

"Na gode, Baba. Nas ta ce kada in sha."

"Nas ce ta yi cikin?"

Teburi ya kwashe da dariya. Ƙoƙo na nan a miƙe a hannun tsohon da ya gayyace ta, idanu duk a kanta. Ta karɓa.

Ranar nan da yamma ta sami uwar mijinta a ɗakin randuna tana tace masara. Ta tsaya kusa da ita tana murza bakin siket.

"Mama, nas ta ce ko ɗigo kada ya shiga bakina. Ta ce duk abin da na sha, yaron ma ya sha."

"To ya sha mana! Guba ce?" Doña Leandra ba ta ko ɗago ba. "Masara ce, 'yar nan. Masarar da kika ci dafaffiya da safe ita ce wannan, ta dai kwana biyu a randa ne. Giya ita ce ta kwalba, ta 'yan birni. Wannan jini take ƙarawa. Ni da kike gani 'ya'ya tara na haifa a kan cica, ko allura ba a taɓa soka mini ba."

Nemesia ta san huɗu daga cikin taran suna kwance a bayan coci, cikin 'yan ƙananan fararen akwatuna. Amma wannan ba maganar da matar ɗa za ta yi wa uwar miji ba ce. Ta ɗauki tsintsiya ta fita.

Rosendo kuwa, Allah sarki, ba mugu ba ne. Da ta gaya masa, har hannunta ya kama.

"Kwantar da hankalinki. Ni ne mijinki ko ba ni ba? Duk wanda ya gayyace ki, ki taɓa leɓe ki miƙo mini, ni zan shanye miki."

Kuma ya cika alkawari. Lahadin da ta biyo ya bi ta teburi-teburi kamar jela, yana shan nasa yana shan nata. Mutane suna ta yaba masa, ana cewa ga miji na gari. Kafin rana ta raba tsaka yana kwance ƙarƙashin itacen ɓaure, hula a fuska, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya taimaki matarsa har iyakar ƙarfinsa. Sauran yinin kuma, wanda ya fi tsawo, ita da ƙoƙo ne.

Daga nan ne ta nemo wa kanta dabara. Tunda ba a sha sai an ɗiga wa Pachamama, kuma ba wanda ya taɓa faɗin iyakar abin da za a ɗiga, sai Nemesia ta zama mai ibada. In an miƙo mata, ta karkata ƙoƙo a gefen siket, ta bar shi ya tsiyaye har sai ɗan abin da zai jiƙa leɓe ya rage, ta kai baki ta ɗaga kai kamar mai shanyewa. Siket ɗinmu faɗi gare shi, yana rufa asiri. Makonni suka shuɗe a haka. Kanta ya daina sarawa ranar Litinin. Yaron ya riƙa motsi da ƙarfi, har takan tsaya da bokiti a hannu tana murmushi ita kaɗai.

Sai Don Casiano ya zo.

Don Casiano shi ne mai manyan motocin da ke jigilar dankali zuwa Santa Cruz. Tun ciki bai fito ba Doña Leandra take aika masa da gasasshen zomo da tulun cica mafi kyau, don ya yarda ya zama uban baftisma na jaririn. In ya yarda, an zama dangi, kuma dangi ba ya barin Rosendo ba mota a hannu. Ya yarda ɗin. Ranar ya zo ne a sha a kan maganar. Aka shimfiɗa masa sabon zane a benci, aka zubo masa soyayyen naman alade har yana zubowa daga faranti.

Ya ɗebo, ya ɗiga, ya washe haƙoransa na zinariya.

"Uwar ɗana, na gayyace ki."

Nemesia ta karɓa da hannu biyu, ta karkata kamar yadda ta saba. Abin da ba ta lura ba, Don Casiano sabon takalmi ya sa, kuma ƙasar wurin gangare ce. Cica ta bi ta ƙarƙashin siket ta malalo, ta je ta taru a gindin takalminsa.

Ya dubi takalmi, ya dubi ƙasa, ya dubi Nemesia.

"Kompadre Rosendo," in ji shi a hankali, da sunan da uba da uban baftisma ke kiran juna, "ashe matarka ta fi Fada ibada. Ni na ɗauka mutum na gayyata, ashe ƙasa nake shayarwa." Ya ɗauki hularsa ya miƙe. "In hannuna ne ke da datti, ai sai a gaya mini."

Doña Leandra ta taso daga bakin murhu a guje, har tana tuntuɓe.

"Don Casiano! Ka rufa mana asiri! Yarinta ce, 'yar kan dutse ce, a garinsu awaki suka fi mutane yawa, ina ta san girman manya? Ke! Zo nan!"

Akwai wani babban ƙoƙo da ake ratayewa a ƙusa don mai laifi, wanda ya makara ko ya sha bai gayyaci kowa ba. Shi aka sauko da shi, aka cika har baki.

"Mama, don Allah," in ji Nemesia, muryarta ƙasa-ƙasa. "Yaron."

"Don yaron nake yi! So kike a haife shi ba uban baftisma, kamar ɗan kare? Ba wa Don Casiano haƙuri."

Ta waiwaya wajen mijinta. Rosendo ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Aka fara tafi, ana cewa, "Tas! Tas! Tas!" Ta sha. Ta tsaya ta yi numfashi, aka ce ba a saukewa. Ta shanye, ta kife ƙoƙo a iska don a ga ba saura. Don Casiano ya koma ya zauna, ya ce shi mutum ne mai yafiya, kuma don a san ya yafe har zuciya, ya sake gayyatarta.

Tun daga ranar Doña Leandra ta sa mata ido. "Pachamama ba ta da haɗama," in ji ta. "Ɗan ɗigo ya ishe ta. Kada in ƙara ganin taɓo a tsakar gidana."

Nemesia ta je ƙaramin asibitin gari ta yi wa nas kuka. Nas Maribel yarinya ce mai zuciya, daga birni aka turo ta. Ta buga teburi ta ce ita da kanta za ta zo ta yi wa gidan magana. Ta kuwa zo, a kan babur, cikin fararen kaya, ta shirya maganarta tun daga hanya.

Doña Leandra ta tare ta kamar 'yar da ta dawo daga tafiya. Aka ba ta kujera mai jingina, aka kawo nama.

"Doña Leandra, na zo ne a kan maganar Nemesia. Mai ciki..."

"Za a yi, za a yi. Maƙogwaro a bushe ba ya magana. Na gayyace ki, Nas Maribel."

"Ina bakin aiki ne, Doña."

"A gidana kike dai."

Nas Maribel ta dubi ƙoƙo. Ta dubi matan unguwa da suka taru a bakin ƙofa suna kallo, matan da take bi gida-gida tana roƙo su kawo yara rigakafi. Ta san in ta mayar da ƙoƙon nan, gobe ba ƙofar da za ta buɗe mata. Ta sha. Maƙwabciya ta ce ita ma ai nas ta taɓa duba mata ɗa, ta gayyace ta. Wata ma ta tuna da nata alherin. Da aka zo maganar da ta kawo ta, kuncinta ya yi ja, abin da ya fito daga bakinta shi ne, "A dai rage mata, don Allah. A rage."

Ta tura babur ɗinta da hannu har gida.

"Kin ji da kunnenki," in ji Doña Leandra. "Nas ba ta ce a daina ba. Kuma kin ga yadda ta shanye? Mai ilimi ke nan."

Saura uwarta. Ranar Talata Nemesia ta same ta a kasuwar Punata, zaune a bayan tulin cuku. Tsohuwar ta saurare ta tana korar ƙudaje.

"Dukanki suke yi?"

"A'a, Mama."

"Suna hana ki abinci?"

"A'a."

"To me kike so, Nemesia? Ni da cikinki na yi noman dankali har ranar haihuwa, ko ruwa ba wanda ya miƙo mini. Ke an zaunar da ke gidan masu hali, manyan mutane na gayyatarki, kina kuka. Kada ki jawo a ce ban yi miki tarbiyya ba." Ta ƙunsa mata cuku biyu a ganye. "Kai wa uwar mijinki, ki ce ina gaishe ta."

Daga nan Nemesia ta daina gardama. Ciki ya yi nauyi, ƙafafu suka kumbura, baya kamar zai tsinke. Abin da ya fi ba ta tsoro, ta fara lura cewa in ta sha ƙoƙo biyu bayan yakan lafa, kuma tunanin yaron yakan yi nisa, ya bar ta ta huta. Ta fara jiran Lahadi. Ranakun da ba a kafa gora, hannunta yakan ɗan yi rawa in tana fere dankali. Motsin cikin ya ragu. Da ta faɗa, aka ce yaro ne mai hankali, ba zai yi rigima ba.

Wata Laraba da rana tsaka, gida ba baƙo, ta shiga ɗakin randuna ɗaukar rariya. Ƙamshin ya buge ta. Ta tsaya. Ta ɗaga murfi, ta ɗebo rabin ƙoƙo, ta kai baki.

"Budurwa Maryamu!"

Doña Leandra ce a bakin ƙofa, hannu biyu a ka.

"Ke kaɗai? Ba wanda ya gayyace ki? A ɓoye kamar ɓarauniya, da cikin jikana a jikinki? Wannan ai aikin mashaya ne! Mu a gidan nan kaf zuriyarmu ba mashayi!"

Daga ƙarƙashin ɓaure ana jin minsharin Rosendo.

Kafin yamma labari ya zaga gari. Matan da suka sha miƙa mata ƙoƙo suka riƙa girgiza kai a bakin famfo, suna cewa dama sun ga alama. Ranar Lahadi kuma duk suka zo, suka gayyace ta, don kada ta ga kamar an guje ta.

Ciki bai cika wata takwas ba naƙuda ta zo mata, tana tsakiyar teburori da bokiti a hannu. Don Casiano da kansa ya ɗauke ta a gaban babbar motarsa har asibitin birnin Cochabamba, yana ta danna ham, kuma har yau yana ba da labarin gudun da ya yi. Aka haifi mace, bakwaini, 'yar mitsitsiya. Ba ta yi kuka ba sai da aka sha fama. Aka sa ta a kwalba.

Likitar wata mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta tara su a baranda ta tambaya ko mai jegon ta sha giya da cikin.

Doña Leandra ta share hawaye da bakin mayafi.

"Likita, tunda kin tambaya, ba zan ɓoye miki ba. Da idona na kama ta a ɗakin randuna. Ba irin faɗan da ban yi ba. 'Ya'yan yanzu ba sa jin magana."

"Ni har shanye mata nake yi," in ji Rosendo. "Kowa ya sani."

Likita ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Ta shiga wajen Nemesia ta zauna a bakin gado. Ta ce mata yarinyar na da alamar rayuwa. Ta ce abin da giya ta taɓa a jikin jariri ba duka ake gani a ranar haihuwa ba, wani sai an zo tafiya, wani sai an zo magana, wani sai an shiga makaranta, wani yaron kuma Allah ya kiyaye shi. Ta ce abin da ya wuce ba ya dawowa, amma nonon da za ta ba ta daga yau yana hannunta.

Ranar Lahadi suka dawo dubiya, su uku, Doña Leandra da Rosendo da Don Casiano, cikin kayan coci. Nemesia na zaune a benci a baranda, gaban tagar gilashin ɗakin jarirai. Doña Leandra ta waiga hagu da dama, ta zaro gorar roba daga ƙarƙashin mayafi, da ɗan ƙoƙo.

"Na yafe miki, 'yar nan," in ji ta. "Ga wannan, ta musamman ce, da ita ake kawo ruwan nono. Kompadre, kai ne babba."

Don Casiano ya ɗiga a kan simintin asibiti, ya shanye, ya cika.

"Uwar ɗiyata, barka da arziki. Na gayyace ki."

Ƙamshin ya iso mata, kuma gaskiya ita ce ranta ya biya. Yawu ya taru a bakinta. Ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu.

"Ba ni za ka ba, Don Casiano."

"Me kika ce?"

"Ai ba ni kake gayyata ba tun farko. Ni hanya ce kawai. Ga mai shan can." Ta nuna taga da haɓa. "Ta uku daga bango. Shiga ka ba ta da hannunka."

"Nemesia!" in ji Doña Leandra.

"Ke ma, Mama, shiga. Masara ce, ba guba ba. Ki ɗaga mata kai ta shanye tas."

Don Casiano ya juya ya dubi tagar, ƙoƙo a hannu. Abin da ke cikin kwalba ta uku bai fi zangarniyar masara ba. Robobi a hanci, roba a hannu, ƙirji na ɗagawa da sauri-sauri kamar na ɗan tsako. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce asibitin nan zafi gare shi, ya juye cica cikin gora, rabi na zuba a ƙasa, ya sa hula ya nufi ƙofa.

"Kin kashe mu," in ji Doña Leandra. "Kin tozarta mu gaban mutumin da ya ɗauko ki a motarsa." Ta bi shi tana kira.

Rosendo ya tsaya yana juya hula a hannu.

"Nemesita, ko leɓe ki taɓa. In kira shi ya dawo? Leɓe kawai, ki fitar da mu kunya."

"Ka dube ta tukuna."

Ya ɗan saci kallon tagar, ya kawar da kai.

"Je ka, Rosendo. Suna jiranka."

Ya tafi. An ce a cikin mota suka shanye gorar, don yi wa jaririya fatan lafiya.

Nemesia ba ta koma ƙauye ba. Tana Cochabamba, a ɗakin wata 'yar ƙanwar babanta, tana matse lemo a bakin kasuwa da yarinyar a goye. Wani mai gadin asibiti da matarsa ne suka riƙe ta a baftisma, aka sa mata Jacinta.

A garinmu kuwa magana biyu ake yi a kanta. Ana cewa mashayiya ce da ta kusa kashe 'yarta da giya. Ana kuma cewa mai girman kai ce da ta mayar wa Don Casiano ƙoƙo a bainar jama'a. Baki ɗaya ne yake faɗin duka biyun, wani lokacin a zama ɗaya, kuma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya ce to wanne ne laifin ba. Doña Leandra takan ce ita dai ta yi iyakar ƙoƙarinta, Allah ne shaida, kuma duk teburin ya amsa mata da cewa haka ne.

Jacinta ta shekara biyu yanzu. Ta yi tafiya, a makare, amma ta yi. Magana ce ba ta fara ba. Kullum in kasuwa ta lafa, Nemesia takan sauko da ita ta zaunar a kan cinya, ta ɗaga lemo a gaban idonta ta ce, "Lemo. Ce lemo." Yarinyar ta dubi lemon, ta dubi bakin uwarta. Nemesia ta sake faɗa, ta jira.